Wa Ke da Gawar Idi?

Tun da na dawo daga Kumasi ban sha shayi cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zo majalisarmu ta bakin tashar Malbaza sai ya jawo benci ya ce, "Planto, yaya Gana?" Na ba mai gyaran rediyo labari, na ba liman, na ba wani ma da ban san shi ba, ashe mota yake jira. Kowa da abin da yake son ji. Wannan teku, wancan mata, wani kuma ko gaskiya ne a can goro a ƙasa ake tsintarsa. To na gaji. Ga shi na rubuta da hannuna, da ɗan karatun lakwal, wato boko, da ya tsaya tun ranar da mushe, malaminmu, ya gane ni da alli ba za mu zauna lafiya ba. Wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Mamman, mutumin Dogarawa, wanda ya yi aikin planto a buro, ofishin gwamnati, har kansa ya yi fari. Ni ke share ɗakin komanda, ni ke kai takardu, ni ke ɗaga tuta da safe in sauke ta da yamma. Saboda haka in ana zancen gwamnati ba na son gardama. Na san ta tun tana zuwa aiki a kan keke.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ƙanena Idi ne ya kira. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Ya tafi ci-rani tun muna samari, wata shekara da damina ta ƙi, ya ce zai dawo da ruwan farko. Ya yi dako a Kumasi, ya koma sayar da nama, ya auri 'yar Asante, waɗanda muke ce wa Tonawa, ta haifa masa Hawwa da Yakubu. Matar ta rasu. Hawwa tana tare da shi, Yakubu kuwa yana Italiya. Sai ga muryar Idi a waya, ta shaƙe kamar ta wanda ya kwana cikin hayaƙi: "Yaya, ka taho. Kada ka aiko kowa, kai nike so." Na ce shi ke nan, mutumin nan gida yake so a maido shi. Na sa aka yaɓe ɗakin mahaifinmu, aka sake masa ƙofa. Na ɗaure gero, da albasa, da kilishi.

Babban ɗana ya ce ba zan tafi ni kaɗai ba, wai zan ɓata tun kafin Doso. Ya haɗa ni da 'yarsa Rakiya, wadda ke jami'a a Yamai, tana da Faransanci da Turancin Ingilishi. Ni ina ce mata amarya, ita tana ce mini angon da haƙora suka yi wa yaji. Abin da take karantawa sunansa sosiyoloji, ilimin zaman jama'a. Na tambaye ta me ake yi a ciki, ta ce ana duba yadda mutane ke zama da juna, wa ke bin wa, wa ke tsoron wa. Na ce ashe gulma ce aka ɗinka wa riga. Ta ce ai shi ya sa ta zaɓe shi, gado ne.

A Ƙonni muka shiga babbar bas. Tun ba mu wuce gonakin bakin gari ba ta fara mini bayanin abin da take rubutawa na gama karatu, wai dunƙulewar duniya da makomar ƙasa. Ta ce akwai malamansu da ke ganin zamanin ƙasa ya wuce. Kuɗi na tsallake iyaka ba sallama, labari na tsallakewa, kaya na tsallakewa, akwai kamfanonin da suka fi gwamnatoci ƙarfi. A wurinsu ƙasa ta zama kamar tsohon ma'aikaci, hular na nan, amma ba mai neman izininsa. Ta faɗi haka tana kallon hulata. Abin ya taɓa ni.

Ba mu yi nisa ba bas ta tsaya a shinge. Jandarma ya hawo, ya ce kowa ya fito da katin ɗan ƙasa. Wani saurayi a bayanmu ya laluba aljihu ya rasa, aka sauke shi da jakarsa, muka bar shi tsaye a rana. Na zungure ta na ce, "Amarya, tashi ki gaya wa jandarman nan zamaninsa ya wuce, ƙila bai samu labari ba." Ta yi dariya, ta ce kada in yi saurin murna, ai akwai wasu malaman da ke tare da ni. Su cewa suke yi surutu ne kawai, fatake sun daɗe suna ratsa duniya tun kafin a haifi mai salula, kuma har gobe mai bindiga da tambari shi ke cewa a wuce ko a tsaya. Na ce waɗannan 'ya'yan albarka ne, ta gaishe mini su.

A Gaya muka tarar da gadar iyakar Benin a rufe. Manyan motoci jere a gefen hanya, wasu direbobin har sun kafa murhu a ƙarƙashinsu, sun shanya wanki. Sai wani ya nuna mana hanyar bakin ruwa. Can kuwa kasuwa ce sosai. Aka sa mu cikin kwale-kwale tare da babura sababbi cikin kwali, da buhunan shinkafa masu rubutun da ko Rakiya ba ta iya karantawa, da wata akuya da ta fi kowa hankali. Mai tuƙin yana da salula biyu, ɗaya ta wannan gaɓa, ɗaya ta waccan, da mata a nan da uwa a can. Na tambaye shi shi ɗan wace ƙasa ne, ya ce ya danganta da wanda ya tambaya. A tsakiyar kogi ruwa ya shigo ta ƙasan jirgin ya jiƙa mini gero. Na ɗaga buhun na rungume shi a cinya kamar jinjiri har muka sauka, babbar rigata ta koma kalar kunu.

Na ce wa Rakiya to yanzu wa ya ci, malamanta ko nawa? Ga gada a rufe da umarnin gwamnati, ga kuma duniya na wucewa ta ƙarƙashinta. Ta ce in bari tukuna, tafiyar ba ta ƙare ba.

Ƙasar Benin mun ratsa ta ne a zaune. Abin da na riƙe kaɗan ne. Mata na tuƙa babur da ɗa a goye da kwando a ka. A wata tasha aka kawo mini wani farin tuwo mai tsami naɗe cikin ganye, na ɗauka ya kwana ne, na mai da shi cikin ladabi. Aka kawo wani, tsaminsa ya fi na farko. Ashe haka ake son sa. Mai abincin ta tsaya a kaina har na cinye, tana gaya wa maƙwabtanta wani abu suna dariya. Rakiya ta ce yabona suke yi. Ban yarda ba har yau.

A Lome muka sauka gidan Alhaji Nomau, mutumin Illela, wanda ya daɗe a can yana fitar wa 'yan kasuwarmu kaya daga tashar jiragen ruwa. Duk wanda ya fito daga wajenmu gidansa yake sauka, ba a tambayarka takarda, sai dai a ce ɗan wane ne kai. Na faɗi sunan ubana, wani tsoho a zaure ya ce ya taɓa sayen jaki a hannunsa, kuma jakin bai yi kirki ba. Nan take na ji na iso gida. Aka ba Rakiya wuri a cikin mata, ni aka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Alhaji ya ce shi fa ya ga gwamnatoci sun zo sun wuce a nan da can, kuma ko wace ta hau sai ya koyi sabon tambari, amma zauren nan bai taɓa rufewa ba. Da yamma aka kawo tuwo da miyar kuka. Na yaba, na ce geron gida daban ne. Alhaji ya ce ba gero ba ne, garin masara ne da ya zo ta teku.

Washegari muka shiga kasuwa neman wa Idi bargo. A nan na ga abin da ya tsaya mini a rai. Wata rumfa ce ta tutoci. Tutar kowace ƙasa na nan, an ɗaɗɗaure su dami-dami kamar atamfa, duk daga masaƙa ɗaya a ƙasar Sin. Tamu na ciki. Kuma a kan damin tamu mai rumfar ke zaune, tana cin gyaɗa. Ni da na yi rayuwata ina ninke tutar nan da hannu biyu, ban taɓa barin gefenta ya taɓa ƙasa ba, har komanda ya taɓa yaba mini a gaban mutane. Na ce da ita da Faransancin buro ta tashi. Ta tashi da fara'a, ta zaro ɗaya ta warware, ta tambaya guda nawa nake so, ko ta haɗa mini da ta maƙwabta. Rakiya ta ja hannuna muka fita.

Mun zauna a bakin teku, inda ake hango jirage jere suna jiran layi. Sai Rakiya ta ce akwai wasu malaman kuma, kuma ita wajensu ta fi karkata. Su ba su ce ƙasa ta mutu ba, ba su kuma ce tana nan yadda take ba. Cewa suka yi aiki ta sauya. Da ita ce mai gida, ita ke cewa me za a shuka, me za a saya, me yara za su karanta. Yanzu da yawa daga cikin wannan a wani wuri ake yanke shi, ita kuma ta koma bakin ƙofa. In kaya ne ko kuɗi, ta buɗe. In mutum ne, ta haska fitila a fuskarsa. Na ce wato an mai da ita planto. Ta ce kusan haka. Na ce to ba laifi, aikin mutunci ne, sai dai ba a neman shawararka.

Iyakar Gana ba ta ba mu wuya ba, ban da cewa Faransancina ya mutu a nan take kamar an hure fitila. Ma'aikacin ya yi ta magana, ni ina ta cewa to. Rakiya ta ce tambaya yake yi ko an yi mini allurar rigakafi, ni kuma na amsa masa har da godiya.

Daga Ankara, babban birnin Gana, zuwa Kumasi na fara ganin manyan alluna a bakin hanya, kowane da hoton mutum, mafi yawa tsofaffi, sun sha ado. Na ce lalle Gana ta san darajar manya, dubi 'yan takararsu, ba yaro ko ɗaya. Har na nuna wata tsohuwa na ce da ina da ƙuri'a ita zan ba. Rakiya ta karanta allon, ta ce ba zaɓe ba ne. Sanarwar mutuwa ce. Ga ranar da tsohuwar ta rasu, ga ranar da za a binne ta, tsakaninsu watanni. Na tambaya to ina take duk wannan lokaci? Wani fasinja da ke jin Hausa ya ce tana asibiti, a ɗakin sanyi, ana jiran 'ya'yanta su zo daga ƙasashen waje, a gyara gida, a ɗinka baƙi da ja, a kira makaɗa. Ya ce a wurinsu binne mutum da gaggawa wulaƙanci ne, kamar ana neman a rabu da shi. Na ce a wurinmu kuma barinsa ya kwana shi ne wulaƙancin. Muka dubi juna, kowa na tausayin ɗan uwansa.

Gidan Idi na gefen zango, unguwar Hausawa da sauran baƙi. Hawwa ta tarbe mu, mace mai jiki da natsuwa, ta durƙusa ta ce, "Baba, sannu da hanya." Hausarta ta can ce, amma ana ganewa. Ta kai ni ɗakin. Na bar Idi saurayi mai ɗaukar buhu da hannu ɗaya. Na tarar da ɗan tsoho a kan katifa, wuyansa kamar kara. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ka tsufa." Na ce shi kuma na ga ya ƙara ƙiba. Muka yi dariya har tari ya kama shi.

Da ya huta na gaya masa ɗakin baba na nan an yaɓe, an sa sabuwar ƙofa, da ya ɗan ji ƙarfi sai mu kama hanya. Ya girgiza kai. Ya ce ba zai kai ko Ankara ba, kuma shi ba wannan ya sa ya kira ni ba. Ya sa Hawwa ta fita ta kawo ruwa, sannan ya ba ni labarin matarsa. Ta musulunta tun kafin aure, ta yi salla har ƙarshenta. Amma da ta cika, danginta suka zo suka ce gawa tasu ce. Suka kai ta ɗakin sanyi suna jiran wani ɗan uwansu da ke ƙasar waje. Aka yi azumi tana can, aka yi salla tana can. Duk Juma'a in ya taso masallaci sai ya je ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Sau ɗaya aka jawo masa ita ya gani.

"Ba ita ba ce, Yaya. Wani abu ne mai kama da ita." Ya kama hannuna. "Yakubu ya riga ya ce ma Hawwa in na cika a aje ni har shi zo. Ni ba ni so. Ranar da na cika, kada rana ta faɗi ina bisa ƙasa. Ka yi min alkawari."

Na yi masa. Ban ko yi tunani ba, don a wurina ba abin tunani ba ne. Na dai tambaye shi me ya sa sai ni, ga liman, ga mutanen zango. Ya ce in lokacin ya yi zan gani.

Da magariba Hawwa ta kawo sakwara da miya mai ruwa-ruwa, ta ce ba a taunawa, haɗiyewa ake yi. Rakiya ta ce an dai samu abincin da ya dace da ango. Muna ci waya ta yi ƙara, sai ga fuskar Yakubu. Na san shi. Shekarun baya da zai bi ta Agadas ya ratsa hamada, a gidana ya yada zango. Ya ci tuwona, ya je ya ga kabarin kakansa, ni na raka shi tasha a Ƙonni. A lokacin yaro ne mai yawan dariya. Yanzu na ga mutum da furfura a gemu, a wani ƙaramin ɗaki da gadaje a jere. Tun tafiyar nan bai sake ganin ubansa ba sai ta waya. Yana aiki a gonakin tumatir, shi ke aiko da na magani da na abinci. Takardar zamansa ba ta fito ba, kuma in ya fita kafin ta fito, ba za a bar shi ya koma ba, duk wahalar shekarun nan ta tafi a banza. Lauyansa ya ce saura kaɗan.

Ya ce, "Baba Mamman, ni ba kiɗa nake so ba, ba baƙi da ja ba. In abin ya zo, ku jira ni in sa shi a ƙasa da hannuna. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Na ce Allah ya ba Idi lafiya har ya zo ya same shi a zaune. Ya ce amin. Ni da shi duk mun san ban amsa ba.

Kwanakin da suka biyo baya a ɗakin Idi na yi su. Geron nan da ya sha kogi na shanya shi, Rakiya ta daka ta yi fura. Ya kurɓa kaɗan ya ce akwai ƙamshin kifi a ciki, ko yanzu haka ake yi a Dogarawa? Ya yi ta tambayar mutane, wane fa, wance fa. Yawancinsu sun rasu. Da na ga abin na yi masa nauyi sai na fara cewa suna nan suna gaishe shi. Ya ce in daina, ya san ƙaryata tun muna kiwon awaki.

Wata safiya da hantsi, ina gefensa ina ba shi labarin rikicin iyakar gona da ya ƙi ƙarewa tun zamanin baba, na ga bai yi dariya a inda ya kamata ba. Na taɓa shi. Ya cika.

Kafin azahar gida ya cika da mutane. Liman na zango ya zo da masu wanka, suka zauna a waje. Hawwa ta aika aka kira kawunsu, wan mahaifiyarta, shi ne babban gidansu. Dogon tsoho ne, ya yafa zane a kafaɗa ɗaya, ya shigo a hankali aka ba shi kujera. Na gane shi ne mutumin da ya riƙe gawar matar Idi. Hawwa ta ajiye waya a kan tebur, Yakubu na ciki yana kallonmu, ta yi wa kawun bayani da yarensu tana kuka. Ita ta tabbata zai tsaya musu. Ni ma haka na zata, har na fara shirya abin da zan ce.

Tsohon ya saurara har ta gama. Sannan ya yi magana da Turanci don Rakiya ta mayar mini. Ya ce a al'adarsu 'ya'ya na gidan uwarsu ne, saboda haka Hawwa da Yakubu nasa ne. Amma gawar mutum ba ta 'ya'yansa ba ce, ba ta matarsa ba ce, ta gidan uwar da ta haife shi ce. Ya ce lokacin da ƙanwarsa ta rasu, Idi ya zo har gida ya roƙe shi da hawaye, bai saurare shi ba, don hakkinsa ne. Ya nuna ni da hannu ya ce gidan uwar Idi ga shi nan zaune. Yau shi ba shi da baki.

Sai a lokacin na gane abin da ya sa Idi ya ce kada in aiko kowa. Ya zauna da mutanen nan har ya san dokarsu fiye da 'ya'yansa.

Kowa ya juyo yana kallona. Na dubi liman, ya ce abin da addini ya ce na san shi, amma magana tawa ce. Hawwa ta zo ta durƙusa ta riƙe ƙafata. Na jawo Rakiya gefe, na tambaye ta a hankali, malaman nan nata, duk cikinsu ba wanda ya faɗi abin da ake yi in ƙasa ta riƙe ɗa a wancan gefen teku, uba kuma na kwance a wannan? Ban yi don wasa ba, ita ma ba ta ɗauka wasa ba. Ta ce, "Babu, Kaka. Su bayan an yi suke rubutawa."

Na ɗauki wayar. Na ce, "Yakubu, yaushe za ka zo?" Ya ce lauya ya ce saura kaɗan. Na ce, "Wane wata?" Ya buɗe baki ya rufe. Na jira. A bayansa ina jin wani na kiransa da yaren can, da muryar mai gida. Na sake cewa wane wata, ko da kusa-kusa ne, in ji. Ya sunkuyar da kai.

Na ce wa liman a sa ruwa.

Hawwa ta saki ƙafata ta tashi ta shige ɗaki. Yakubu bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya roƙa, a nuna masa fuskar. Da aka gama wanka aka sa likkafani, kafin a ɗaure kai, na shiga da wayar a hannuna. Wani daga cikin masu wankan ya ɓata rai, na yi kamar ban gani ba. Na buɗe fuskar Idi, na riƙe wayar a kanta. Yakubu ya kira ubansa da wani suna na yaren uwarsa, ya sake kira. Sannan ya yi masa magana mai ɗan tsawo wadda ban ji ko kalma ɗaya ba, ban kuma tambayi kowa ma'anarta ba. Da ya gama, shi ya kashe wayar.

Bayan la'asar muka kai Idi. Mutanen zango suka sa shi, ni ƙafata ba ta iya shiga rami. Rana na sama muka dawo.

Na zauna har aka yi sadakar bakwai. Hawwa ba ta rage mini komai ba, ruwan wanka, abinci, gaisuwar safe, duk a kan lokaci. Amma ba ta sake zama a inda nake ba. Ranar da za mu taso ta haɗa mini goro da zane, ta durƙusa ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ba ta ce sai yaushe ba. Kawun nasu ya zo har tasha, ya riƙe hannuna ya daɗe.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Hanyar ce dai, da shingayen, da kogin. Rakiya ba ta sake ɗauko zancen malamanta ba, ni ma ban tsokane ta ba.

Masu tambaya ko na yi daidai, liman na nan gida ya ce na yi. Mai gyaran rediyo ya ce da shi ne da ya ba yaron ko da wata ɗaya. Ban yi musu da ko ɗaya ba. Kafin Rakiya ta koma Yamai ta koya mini inda ake dannawa a yi magana, duk Juma'a ina aika wa Yakubu gaisuwa. Wayar na nuna ya saurara. Bai taɓa amsawa ba. Tun daga lokacin an yi shuka, an yi noma, an yanke gero an sa a rumbu. Shekaranjiya Hawwa ta gaya wa Rakiya takardar ba ta fito ba har yanzu, lauya ya ce saura kaɗan. Da mun jira, da Idi na nan a ɗakin sanyi. Na san haka, Yakubu ma ya sani. Jibi Juma'a, zan sake gaishe shi.